Fili ɗaya, takarda biyu: don Allah a ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kaina ya kulle. Shekara huɗu ke nan da na sayi fuloti a wajen unguwar Rikkos a Jos, naira miliyan biyu da rabi. Kuɗin adashin maiɗakina ne da na babur ɗina da na sayar, har muka yi wata shida ba ma ga maciji da yayana, don ya so in zuba kuɗin a shagonsa na kasuwar Taminus. Babban ɗan mai filin ne ya sayar mini, mai unguwa ya sa hannu, ga shaidu biyu. Na yi fandisho, na sauke bulo dubu. Jiya sai ga wani Alhaji da tasa takardar, wai uban ne ya sayar masa tun yana raye. Yaya zan yi?

Baban Walid: Wace shekara ce a takardarsa? Ka je PLAGIS, ofishin bayanan filaye na Jihar Filato, an bincika maka kafin ka biya?

Mai tambaya: Ban duba ba, raina a ɓace yake. Bincike kuma, ai dillalin aminin surukina ne, sahu ɗaya suke sallah.

Baban Walid: Malam, sahu ba takarda ba ne. Tun Dokar Filaye ta 1978 ƙasar cikin gari tana hannun gwamna, mallaka ba ta komawa hannunka sai da amincewarsa. Sa hannun mai unguwa shaida ce kawai. In uban ya riga ya sayar, iska ɗan ya sayar maka. Nemi lauya, Babbar Kotu ce ke da hurumi.

Maman Biyu: Kotu? Shari'ar filinmu na Bukuru tun ina goyon autana, yanzu yana sakandare. Ƙanin maigidana ne ya jawo mana, har yau ba ya iya haɗa ido da ni. Ƙanina, tara dattawa a yi sulhu.

Ɗan Gangare: Ɗora gini kawai ka tare. Wa zai fitar da kai?

Baban Walid: Kada ka soma! Wanda kotu ta ba fili, ginin da ke kai ma nasa ne. 'Yan sanda kuma zamba za su bincika, ba sa raba fili.

Mai tambaya: Yaron ya rantse mini uban bai taɓa sayarwa ba, kuma ni ban ga alamar ƙarya a fuskarsa ba. Kuɗin lauya ma ina na gan su? Ga damina ta kawo kai, bulona na waje.

Maman Biyu: Su ma sauran magadan sun sa hannu a takardarka?

Mai tambaya: Su waɗannan ai ƙanana ne.