Me ya sa ake rububin tsofaffin finafinan kaboyi marasa magana?

Ɗalibi daga Birni: Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga manyanmu. Na ga masu tara kayan tarihi a Turai da Amurka suna zuba kuɗi masu yawa wajen sayen finafinan kaboyi na farko, waɗanda babu magana a cikinsu sai rubutu tsakanin hotuna. Ina darajarsu take, alhali ga sababbi masu launi da sauti?

Dattijo daga Zango: Wa alaikumus salam. Ɗana, ƙarancinsu ne ya ɗaga su. An ɗauke su ne a kan zaren fim da aka yi da sinadarin naitiret, wanda yake ruɓewa da kansa idan ya daɗe, kuma idan ya kama wuta ruwa ba ya kashe ta da sauƙi. A 1937 gobara ta cinye ma'ajiyar kamfanin Fox a New Jersey, inda yawancin finafinan Tom Mix, tauraron finafinan kaboyi na lokacin, suka ƙone. Binciken ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka na 2013 ya nuna cewa kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinan ƙasar marasa magana sun ɓace, shi ya sa aka yi murna sosai lokacin da aka gano fim ɗin kaboyi Bucking Broadway na darakta John Ford, na 1917, a wata ma'ajiya a Faransa a 2002.

Malama daga Sabon Gari: Baba ya faɗi gaskiya, sai dai akwai kuma sha'awar asali. The Great Train Robbery na 1903 bai wuce minti 12 ba, amma yana ɗauke da fashin jirgin ƙasa, da tsere a kan dawakai, da ɗan fashin da ke auna 'yan kallo da bindiga. Yawancin masu tarawa kwafi na zare mai faɗin milimita 16 ko 9.5 suke saye, domin ba sa kama wuta kamar naitiret.

Dattijo daga Zango: Haka ne, 'yata. To, amma zafin Damagaram ba ya raga wa waɗannan ma, domin da zarar ka buɗe gwangwani ka ji tsami ya bugi hancinka, zaren ya fara lalacewa. A ganina, wanda yake da hali a nan ya fara da neman kyakkyawan kwafin Le Retour d'un aventurier, fim ɗin kaboyi da Moustapha Alassane ya yi a Nijar a 1966, ko da yake shi mai sauti ne.