Abin da na tsinta a zaman manoma kan takin supa

Ranar Asabar bayan la'asar muka zauna gindin darbejiya a Samaru, manoma da wani malamin gona, ana ta muhawara kan masarar da ganyenta ke rinewa shuni-shuni tun tana ƙarama. Malamin ya ce galibi yunwar fosfaras ce, wato wani sinadarin abincin shuka da ake samu a takin zamani na supa da na kamfa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne fosfaras ba ya yawo cikin ƙasa irin yuriya da ruwa ke ja. Inda aka ajiye shi nan yake zama, sai saiwa ta je ta same shi. Siraran gashin jikin saiwa ne ke tsotsar ɗan abin da ya narke a danshi. Akwai ma wata funfuna mai zare-zare da ke maƙalewa a saiwa tana miƙo mata shi daga nesa, shuka kuma ta biya ta da sukari. Ni dai wannan cinikin ya burge ni. Saboda haka aka ce a daina watsa kamfa a sama, a binne shi lokacin shuka, kamar santimita 5 daga iri, ƙasa na da laima.

Wani dattijo daga Bomo ya ce ya binne amma shiru. Malamin ya ce masa, Baba, jar ƙasa mai tsami riƙe fosfaras take, sinadarin ƙarfen cikinta ya ɗaure shi. A yawaita takin shanu, in da hali a ɗebi ƙasar a kai IAR, cibiyar binciken aikin gona da ke Samaru, a auna.

Masu gyaɗa da waken suya kuwa, supa aka ce su nema.