Mun baro Amurka muna zaune a Lisbon, maigida ya kasa sabawa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a ɓoye sunana. Ni 'yar Zariya ce, karatu ya kai ni Amurka, can na yi aure har na zama 'yar ƙasa. Maigidana haifaffen Houston ne a jihar Texas, Musulmi, danginsa kaf suna can. Tsadar inshorar lafiya da fargabar harbe-harben makarantu suka sa muka tattara muka koma Lisbon, babban birnin Fotugal, mu da 'yarmu ƙarama. Yanzu kuma ina da juna biyu.

Ni dai alhamdulillahi na sake. Da safe na kai yarinya makaranta a ƙafa, na biya kasuwa na sayo kifi da ganye. Akwai wata tsohuwa da tagarta ke kallon tawa, kullum tare muke shanya a igiyar taga, tana koya mini sunayen kaya da yarensu. Shi kuwa aikinsa na kamfanin Houston ne ta intanet. Tsakaninmu da can awa 6 ne, saboda haka yana zama gaban kwamfuta ƙarfe uku na rana, sai sha ɗaya na dare yake tashi. Safiya barci. Idan ya je Juma'a, ana sallamewa ya zari takalminsa ya dawo, ba ya gaisawa da kowa. Komai ba ya masa daɗi: gidan ya yi ƙanƙanta, babu mota, babu injin busar da kaya, ga sanyin hunturu da ya sa bangon ɗakinmu ya yi fumfuna. Mutumin da ke cika gida da dariya ya koma shiru-shiru, abin yana ci mini rai.

Yanzu ya ce mu koma kafin na haihu, wai yana tsoron kada jaririn ya rasa zama ɗan Amurka. Ga kuma wani banki ya aiko yana neman lambar harajinmu ta can. Shin muna nan ma sai mun cika takardun harajin Amurka? Maganar jaririn gaskiya ce? Sannan ya zan yi da mutumin nan?

Wani ɗan'uwa mai aikin lissafin haraji, Maryland: Wa alaikumus salam, ƙanwata. E, sai kun cika. Amurka tana bin ɗan ƙasarta da haraji duk inda yake zaune a duniya. Amma cikawa daban, biya daban. Harajin da kuka biya a Fotugal ana iya cire muku shi ta fom 1116. Akwai kuma fom 2555 da ke yafe haraji a kan albashi har dala 130,000 na shekarar 2025, ga wanda ya cika sharaɗin zama a waje, misali kwana 330 cikin wata 12. Mazauna waje suna da ƙarin lokacin miƙa takardu zuwa 15 ga Yuni. Inda mutane suka fi faɗawa shi ne FBAR, wato takardar sanar da gwamnatin Amurka asusun banki na waje: idan kuɗin duk asusunku na waje ya haura dala 10,000 ko da na yini guda ne, wajibi ne a sanar. Wasiƙar bankin kuma kada ta tayar miki da hankali, dokar FATCA ce ta 2010 ta ɗora wa bankunan waje su bayar da rahoton asusun Amurkawa. Ku ba su lambar, ku nemi akanta da ya san dokar ƙasashen biyu.

Maman 'yan biyu, Landan: Maganar jariri ki kwantar masa da hankali. Tunda ku duka 'yan ƙasa ne, da aure, kuma kun zauna a Amurka, ɗanku ɗan Amurka ne tun daga ranar haihuwa. Bayan kin sauka ku je ofishin jakadancin Amurka da ke Lisbon da takardar haihuwa da ta aure da fasfo ɗinku, a yi masa takardar shaidar haihuwar ɗan Amurka a waje da ake kira CRBA, ku nemi fasfonsa a lokaci guda. Allah ya raba lafiya.

Hajiya, Hamburg: 'Yata, na karanta saƙonki har ƙarshe, kuma a ganina ba haraji ne damuwarki ba, ba jariri ba. Ke kin taɓa baƙunta. Ranar da kika sauka Amurka daga Zariya kin san yadda ake ji a shiga kanti a rasa abin cewa, kin sha wannan kin wuce. Shi wannan ce fitarsa ta farko, kuma ta same shi da girmansa. A garinsu shi ke tuƙi, shi ya san hanya, shi ke magana da mai gida da likita. Yau matarsa ce ke yi masa tafinta wajen sayen burodi. Namiji ba zai buɗe baki ya ce wannan ne ke damunsa ba, sai ya ce bango ya yi fumfuna.

To ki daina tare masa komai. Kai yarinya makaranta ki bar masa, ga ki da ciki, hujja ta samu. Zai tashi da wuri, zai ga rana, zai riƙa haɗuwa da iyayen yara a bakin ƙofa. Ki aike shi mahauta shi kaɗai, ko da nuni zai yi da hannu. Idan ya dawo da abin da ba shi kika ce ba, ki dafa ki yi shiru. Kuma ki guji ce masa "ai ni na saba". Kalmar nan tana da zafi a kunnen wanda bai saba ba.

Wani mazaunin Lisbon: Hajiya ta gama magana. Abin da zan ƙara, Anti, akwai darasin harshe na gwamnati da ake ba baƙi kyauta, ana ce masa PLA, ya nemi aji na safe. Ranar Juma'a kuma ai aikinsa sai uku, ya ɗan tsaya a harabar Babban Masallaci na kusa da dandalin Praça de Espanha. Mutanen Gini Bisau da Mozambik da Bangladesh ne da yawa, kuma ba a rasa masu jin Turanci. Nama na halal da kayan yaji ku leƙa unguwar Martim Moniz. Fumfuna kuwa ruwan dare ce a tsofaffin gidajen nan, domin yawancinsu ba su da na'urar ɗumama gida. Ku sayi injin tsotse laima, ku riƙa buɗe tagogi da hantsi, ku janye gado daga jikin bango. In maigidan ya yarda, ni da abokaina muna buga ƙwallo safiyar Lahadi, ƙofa a buɗe take.

Wata 'yar'uwa, Atlanta: Ni zan ɗan saɓa. Kowa yana neman yadda za a sa shi ya zauna, ba wanda ya tambaya ko shi ma yana da gaskiya. Mutum ya bar uwa da 'yan'uwa, yana aiki har tsakar dare, ba lallai ne gyaran jadawali ya warkar da kewar gida ba. Ku zauna ku yanke wa'adi tare, a ce bayan haihuwa da yaye za a sake duba maganar, kuma ki nuna masa da gaske kin yarda a koma idan abin bai yiwu ba. Sannan shirun nan da yawan barci, idan ya haɗa da ƙin cin abinci ko rama, ya ga likita. Ba abin kunya ba ne.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, maganarki ta shige ni, gobe shi zai kai yarinya in sha Allahu. 'Yar'uwata ta Atlanta, maganar wa'adi zan kawo masa ita daren Asabar da ba ya aiki. Yaya na Maryland, akantan da za mu nema na nan Lisbon ya fi, ko na can Amurka?

Mai aikin haraji, Maryland: Ki fara da na Lisbon, domin sai an san abin da kuka biya a Fotugal kafin a cika na Amurka. Ki tambaye shi kai tsaye ko ya saba aiki da Amurkawa.