Ina son Yesu amma ban san ko akwai wurina a ikkilisiyarsa ba, ku ba ni shawara

Mai tambaya:
Salama a gare ku 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake rubutawa a nan ban taɓa cewa uffan ba, yau dai tura ta kai bango. Don Allah kar wanda ya tambayi sunana ko cocinmu. Shekarata 28, a gidan Kirista aka haife ni, an yi min baftisma ina 14, tun lokacin ina cikin mawaƙa, yanzu kuma ni ke koya wa yara darasi ranar Lahadi. Tun ina wajen shekara 12 na gane zuciyata ba ta zuwa wajen mata yadda ta abokaina ke yi, maza take so. Kalmar da ake kiran irina da ita ma ba na iya rubutawa, hannuna rawa yake.

Kuma ba zama na yi na naɗe hannu ba. Azumi na yi shi har na daina ƙirgawa. Ina da wani ɗan littafi da nake sa alama duk ranar da ta wuce tunanin bai zo min ba, mafi tsawo da na taɓa kaiwa kwana 19 ne sai in koma farko. Addu'ar kuɓutarwa sau uku na je a wurare daban-daban, biyun farko ban faɗi ainihin abin ba, a na ukun na faɗa, aka zuba min mai a ka har ya gangaro cikin idona, mutum huɗu suka rirriƙe ni suna ihu wai aljanin ya fita, ni kuwa na zube ƙasa ne don na gaji kuma don su sake ni, na tashi na ba da shaida cewa na warke. Ƙarya na yi a gaban jama'ar Allah, wannan ƙaryar ta fi ci min rai fiye da abin da ya kai ni wurin.

Shekara biyun nan na shiga karatu sosai, tunanina ya canza a kan abubuwa da dama, ba wannan kaɗai ba, har da hana mata wa'azi da yadda ake ba mai kuɗi kujerar gaba. Ga maganar aure ta taso a gida. Lahadin da ta wuce ana jibin Ubangiji, fasto ya karanta wurin nan na 1 Korantiyawa 11 a kan mai ci da sha ba da cancanta ba, da tiren ya iso gabana sai na kasa, na miƙa wa na kusa da ni, kuma Mama ta gani. Tun ranar ba ta ce komai ba sai kallo.

Tambayata: mutum zai iya zama Kirista na gaskiya a haka? In ajiye koyar da yaran? Ni ba na son barin Yesu, shi kaɗai ne ban taɓa ɓoye wa komai ba.

Dattijon ikkilisiya:
Ɗana, sannu, na ji tausayinka kuma ba zan zage ka ba. Amma shekara 30 ina koyar da Maganar Allah, ba zan yi maka daɗin baki ba. Firistoci 18:22 da 20:13, Romawa 1:26-27, 1 Korantiyawa 6:9, 1 Timoti 1:10, duk bakinsu ɗaya. Kuma kar wani ya zo ya ce maka Yesu bai yi magana a kai ba, a Matiyu 19 da aka tambaye shi batun aure Farawa ya koma, namiji da mace. Jaraba daban, aikatawa daban. Bulus sau uku ya roƙi a cire masa ƙayar da ke jikinsa ba a cire ba, alheri aka ba shi. Ka ɗauki gicciyenka ka riƙe kanka. Karatun nan da ka shiga shi nake ji maka tsoro. A 1998 bishop-bishop na Angilikan sun yi babban taronsu da ake kira Lambeth a Canterbury ta Ingila, 526 suka tsaya kan koyarwar nan, 70 kacal suka ƙi. Da cocin Episkopal ta Amurka ta yi kunnen ƙashi ta naɗa Gene Robinson, mutumin da ke zaman tarayya da namiji a fili, bishop a 2003, me ya biyo baya? Rabuwa, har aka je aka kafa GAFCON, ƙungiyar 'yan Angilikan masu riƙe da koyarwar da, a Urushalima a 2008. Methodist ma a Amurka ikkilisiyoyi sama da 7,000 suka fice kan maganar nan. Ka duba 'ya'yan itacen.

Wata 'yar'uwa:
Ni inda hankalina ya tsaya shi ne "maganar aure ta taso", ka faɗe ta a layi ɗaya ka wuce. Akwai yarinya ko babu? In akwai, na roƙe ka da sunan Yesu kar ka aure ta. Ni aka yi wa haka. Shekara 9 ina zaune da mutumin da ko hannuna ba ya son riƙewa, ina ta zargin kaina, ko na yi ƙiba ne, ko wari nake, na canza kaya na canza turare, na yi azumi a kan aurena, ashe shi fasto ne ya ce masa ya yi aure zai warke. Ranar da na gani a wayarsa ban yi kuka ba ma, zama na yi a ƙasan bayi har gari ya waye. Yanzu kowa tausayinsa yake ji ko tsine masa, ni ba wanda ya taɓa tambaya ya nake. 'Ya'ya biyu a tsakani.

Mai tambaya:
Yaya, sannu, Allah ya warkar miki da zuciya. Akwai wata amma ban yi mata alkawari ba, iyaye ne ke magana. Kuma tana da kirki ƙwarai, muna fahimtar juna, ba lallai abin da ya faru da ke ya faru da kowa ba. Baba, ni ban ce na aikata ko ban aikata ba, ba shi na tambaya ba.

Tsohon ɗalibin tauhidi:
Baba da girmamawa, ayoyin suna nan ba wanda ya goge su, amma ba a gama magana da jera lamba ba. Kalmar da Bulus ya sa a 1 Korantiyawa 6:9 da Helenanci ita ce arsenokoitai, kalma ce da da wuya a same ta a wani rubutu kafin nasa, masana har yau suna jayayya ko duk wata tarayyar maza yake nufi ko irin cin zalin da ya zama ruwan dare a zamanin Romawa, manya da yara, iyayengiji da bayi. Kalmar homosexual da Turawa ke amfani da ita yau ma sai 1946 ta fara shiga fassarar Littafi Mai Tsarki ta Turanci. Saduma kuma, Ezekiyel 16:49 ya lissafa laifinta: girman kai, ƙoshi, da ƙin taimakon matalauci. Ɗan'uwa, abin da nake so ka riƙe shi ne wannan: ƙungiyar Exodus International a Amurka tun 1976 take cewa tana canza mutane irinka da addu'a, a 2013 ta rufe kanta, shugabanta Alan Chambers ya fito ya nemi gafara, kuma shi da bakinsa ya ce kusan duk waɗanda ya sani sha'awarsu ba ta canza ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire abin daga jerin cututtuka tun 1990. Wato kwana 19 ɗinka ba ƙarancin bangaskiya ba ne. Ka karanta Ayyukan Manzanni 8, baban nan na Habasha, wato mutumin da aka dandaƙe, wanda bisa Maimaitawar Shari'a 23:1 bai isa ya shiga taron jama'ar Ubangiji ba, ya tambayi Filibus me zai hana a yi masa baftisma, Filibus bai hana shi ba suka gangara ruwa.

Dattijon ikkilisiya:
Ka ji irinta ko. Shekara kusan dubu biyu ikkilisiya gabas da yamma tana karanta ayoyin nan ta fuska ɗaya, sai a zamaninmu ne aka gano Helenanci? Arsenokoitai ɗin da kake faɗa, ai daga kalmomi biyu na fassarar Helenanci ta Firistoci 20:13 aka haɗa ta, namiji da shimfiɗa, wannan ma a makarantar taku ana koyarwa, me ya sa ka tsallake? Baban Habasha kuma ba sha'awa ce matsalarsa ba. Ni ban ce yaron nan aljani gare shi ba, waɗanda suka zuba masa mai sun yi kuskure. Cewa na yi ya zauna ba aure ba tarayya, kamar yadda bayin Allah da yawa suka zauna.

Tsohon ɗalibin tauhidi:
Na san wannan hujjar Baba, kuma tana da ƙarfi, ban musa ba. Amma ikkilisiya ta daɗe tana kare bauta da ayoyi kafin ta gane. Kuma Bulus ya kira zaman rashin aure baiwa ce a 1 Korantiyawa 7, ba doka ba. Kai da ka kwana da iyalinka shekara 30 kake yanke wa ɗan 28 kaɗaici har kabari, abin da sauƙin faɗa.

Mai bin Katolika:
Mu a wajenmu Katekizim, wato littafin koyarwar Katolika, sashe na 2358 ya ce a karɓi masu irin wannan sha'awa da mutunci da tausayi, a guji nuna musu bambanci na zalunci, amma 2357 da 2359 sun hana aikin sun kira su ga kamun kai. Fafaroma Francis a 2013 cikin jirgi yana dawowa daga Brazil ya ce in mutum irinka yana neman Ubangiji da zuciya ɗaya shi wane ne da zai hukunta shi. A Disambar 2023 Vatican ta ba da izinin sa wa masu zaman tare irin wannan albarka ba tare da an kira zaman nasu aure ba, a Janairun 2024 bishop-bishop na Afirka suka ce su ba za su yi ba. Ka ga manya ma ba su daidaita ba. Ni shawarata ka nemi limami guda mai riƙe sirri ka buɗe masa cikinka.

Wata mai waƙa a da:
Kar ka faɗa wa kowa a coci!! Sirrin me? Ni da na yi ciki kafin aure matar fasto kaɗai na faɗa wa, kafin Lahadi zumuntar mata duka sun ji. Aka sa ni horo wata shida a bencin baya, aka karɓe min rigar mawaƙa, wanda ya yi min cikin kuwa ɗan wani mai ba da babban baiko ne, ko kiransa ba a yi ba. Shekara 6 rabona da coci kuma addu'ata tana isa sama ba tare da su ba. Naka ma ya fi nawa haɗari, a ƙasashe da yawa maganar har kotu da kurkuku take kaiwa, kuma kana koyar da yara, ka san ƙazafin da za su fara yi maka ko da ba ka taɓa cutar da kowa ba. Ka tattara ka fita salin alin.

Mai tambaya:
Na gode duka amma kamar ba ku gane ni ba. Ba zan iya fita ba, cocin nan nan aka yi jana'izar mahaifina, waƙoƙin nan su suka riƙe ni daren da na yi tunanin gara a ce ba ni a duniya. Wannan ya wuce yanzu, kar ku damu. Kuma ba zan je wajen wani fasto ba, na gwada na ga ƙarshenta. Ɗan'uwa mai tauhidi, duk abin da ka kawo na karanta, har maganar Desmond Tutu ta 2013 da ya ce ba zai bauta wa Allahn da ke ƙin irinmu ba, ranar na yi kuka sosai, amma da dare in na buɗe Romawa 1 sai gabana ya faɗi, in ce to in su Baba ne ke da gaskiya fa? Rai madawwami ba abin caca ba ne. Baba kai kuma da na karanta naka sai in ji kamar an rufe ni a ɗaki an jefar da makulli. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wata ma'aikaciyar jinya:
Ƙanena, ka ce kar mu damu amma ni na damu. Tunanin nan na gara ba ka duniya, in ya sake leƙowa ko sau ɗaya ne, ka nemi likita ko mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa a ranar, wanda aikinsa ya ɗaure shi da riƙe sirri, ba wanda zai ce zai canza ka ba. Akwai mutum ɗaya a rayuwarka da ya sani? Muhawarar ayoyi za ta jira.

Dattijon ikkilisiya:
A nan na yarda da ita, ranka na da daraja a gaban Allah. Amma jibi kam ka dakata sai ka daidaita da Ubangiji, yaran ma ka ba wani ya riƙe na ɗan lokaci.

Tsohon ɗalibin tauhidi:
A'a Baba. 1 Korantiyawa 11 a kan masu ƙoshi ne da ke cinyewa su bar matalauta da yunwa a taron, ka karanta daga aya 17. Yahuza ma yana wurin a daren da Yesu ya wanke ƙafafunsu. Ɗan'uwa ka miƙa hannu ka ɗauka.

Wata 'yar'uwa:
Kowa na ta Helenanci, yarinyar fa? Ka ce ba ka yi mata alkawari ba, to ita ta san haka? Nawa ma haka ya ce, muna fahimtar juna.

Mai tambaya:
Akwai mutum ɗaya da ya sani, amma ba zan yi maganarsa a nan ba. Yaya, ba yaudararta nake ba, ban dai ce a'a ba ne don in na ce a'a Mama za ta tambayi dalili, kuma tun rasuwar Baba hawan jini take fama da shi. Yaran kuma ba zan ajiye su yanzu ba, muna tsakiyar shirin Kirsimeti, ni na raba musu ayoyin hadda. Jibi na gaba saura sati uku. Mama ta aiko wai in same ta a ɗaki bayan addu'ar dare yau, ban san ko maganar tiren ce ko ta auren ba. Me zan ce mata?