Abincin gidajen zama a wuraren wasan Orlando: mu ne ba mu dace ba ko haka yake?

Maman Hanan, Maryland

Assalamu alaikum jama'a. Waɗanda suka saba kai yara Orlando, don Allah ku zo ku warware min wani abu da ya tsaya min a rai.

Hutun makaranta da ya wuce muka je Florida, ni da maigida da yara uku da Hajiya, mahaifiyarsa, wadda ta zo mana ziyara daga Kano. Wasanni dai ba a magana, yara sun sha lilo har sai da muka riƙa janye su. Abinci ne matsalata. Ba kuma rumfunan nan nake nufi ba da ake bin layi a miƙo maka burodi da nama a takarda, su dama na san abin da zan tarar. Gidajen zama nake nufi, masu tebur da kujera da mai kawo abinci, waɗanda sai ka kama wuri a manhaja tun ana saura makonni. Ba zan kama sunan wurin ba, don ba tonon silili na zo yi ba.

Saboda Hajiya na kama teburin. Gwiwarta ba ta son tsayuwa, ga zafin watan Yuli a can mai haɗe da gumi, na ce gara a samu inda za ta zauna a cikin sanyi ta ci abinci a tsanake. Ƙarfe ɗaya aka ba mu. Mun iso kafin lokaci, amma sai da muka yi tsaye a bakin ƙofa har ƙaramar ta fara kuka, sannan aka kira mu.

Ciki kam ya haɗu, ba ƙarya. Fitilu, ado, ma'aikata da kayansu masu kyau, kowa sai murmushi. Da yake ba mu da tabbacin yankan naman, manya muka zaɓi kifi, yara taliya. Kifin ya zo a bushe, gefensa har ya ƙandare. Dankalin da aka dama kusa da shi samansa da zafi, ka nutsa cokali tsakiya ka ji sanyi. Miyar taliyar kuwa sukari suka zuba mata, yaron da ko a gida ba ya barin taliya a kwano sai da ya ture. Hajiya ta ɗanɗana sau ɗaya, ta ajiye cokali a hankali, ta dubi ɗanta ta ce, "To wannan ɗin dafa shi aka yi?" Daga nan ta jawo burodi da man shanu, ta ce a ba ta ruwan zafi ta haɗa shayi. Wallahi kunya ta rufe ni, don ni na yi ta kuranta wurin tun muna gida.

Ba mu gama ba aka kawo takardar kuɗi aka ajiye a gefen hannun maigida. Dala 300 da ɗoriya, har da haraji da tukuicin kashi 18 cikin ɗari da suka riga suka saka da kansu. Washegari muka gwada wani gidan a wani ɓangaren, irin wanda kowa ke ɗiba da kansa, masu shigar dabbobin katun suna zagayawa ana ɗaukar hoto. Yara sun ji daɗi, abincin kuwa gara ma na jiya.

Tambayata: haka duk suke ko mu ne ba mu dace ba? Kuma idan Allah ya sa za mu koma, ya kuke yi da abinci, musamman idan akwai dattijuwa a tafiyar?

Baban Sadik, Kissimmee

Wa alaikumus salam Maman Hanan. Sannunku da hanya, a gaida Hajiya. A nan kusa nake zaune, kuma lokacin ina ɗalibi na yi aiki a kicin ɗin wani babban otal a yankin, don haka bari in gaya miki yadda abin yake ta ciki.

Orlando tana karɓar baƙi sama da miliyan 70 a shekara. Gidan abincin da ke cikin wurin wasa ba ya neman abokin ciniki, abokin ciniki ne ke nemansa. Mai gidan abinci a unguwarku idan ya ba ki busasshen kifi ya san ba za ki dawo ba, kuma za ki gaya wa maƙwabta. Na cikin wurin wasa kuwa, ke kin tafi, gobe wasu sun cika teburin, su ma tun makonni suka kama. Ina dalilin da zai sa ya wahalar da kansa?

Sai yawan mutane. Kicin ɗin da zai ciyar da ɗaruruwa tsakanin sha biyu da biyu ba zai jira ki zauna sannan ya ɗora tukunya ba. Miya da dankali da shinkafa tun safe aka haɗa su da yawa, suna cikin manyan farantan ƙarfe a kan ruwan zafi. Kifi a daskare yake zuwa, an yanka shi daidai wa daida. Ana gasa da yawa a jere, a ajiye ƙarƙashin fitilar da ke riƙe zafi, wanda rabonsa ya faɗo kan wanda ya daɗe a wurin shi ne zai ci busasshe. Dankalin da kika ji samansa da zafi cikinsa da sanyi, ɗumame ne aka yi cikin gaggawa. Gishiri da yaji kuwa da gangan ake rage su, tunda girkin na mutanen duniya ne baki ɗaya, kuma wanda ya ji salam ba ya kai ƙara kamar wanda yaji ya ƙona wa baki.

Kuma ki lura, ku da kuka tsaya kan kifi da taliya kun faɗa daidai inda suka fi rauni. Ƙarfin irin waɗannan gidaje yana kan naman sa da haƙarƙari. Kifi an saka shi ne kawai don kada a ce babu.

Kuɗin da kika biya yawancinsa na kujera ne da sanyi da ado. A gida na biyun ma hoton kuka saya, abincin rakiya ya yi.

Tukuicin da suka saka da kansu ba cuta ba ce, al'ada ce a gidaje da yawa idan mutane sun kai shida. A dokar tarayya, mafi ƙarancin albashin mai karɓar tukuici dala 2.13 ne a awa, tun 1991 bai motsa ba. Na Florida ya fi haka sosai, don a 2020 mutanen jihar sun kaɗa ƙuri'ar a riƙa ɗaga albashi mataki-mataki, amma duk da haka da tukuicin suke rayuwa. Abin da za ki kula da shi kawai, a ƙasan takardar akwai wani layin tukuici da babu komai a kai, mutane da yawa suna sake cikawa su biya sau biyu. Haraji kuma 6.5 cikin ɗari ne a gundumar Orange, inda Orlando take, ba ya cikin farashin da aka rubuta.

Shawarata: ku kama gida mai kicin a Kissimmee maimakon ɗakin otal. Ku karya da safe sosai, ku shiga da wuri. Azahar ta yi ku fito, tikitin yana ba ku damar komawa a ranar. Ku ci abinci a gida ko a titin International Drive, akwai gidajen Larabawa da Turkawa da 'yan Pakistan masu naman halal, Hajiya ta yi salla ta miƙe ƙafa. Dama a watannin nan kusan kullum da rana sai an yi tsawa da ruwa, ana ma tsayar da wasannin da ke fili. Bayan la'asar ku koma.

Anti Bilki, Houston

Baban Sadik, duk abin da ka faɗa game da kicin na yarda, amma ka yi musu kuɗin goro. Ni na ci abinci mai kyau a Orlando, kuma ba a waje ba. Bambancin shi ne inda gidan yake. Wanda ke tsakiyar wurin wasa, inda kowa ke wucewa da keken yara, shi ne yadda ka kwatanta. Amma gidajen da ke cikin otal-otal ɗinsu, da na kasuwannin da ake shiga ba tikiti, irin su Disney Springs da CityWalk, su dole su yi gasa, don mutanen gari ma suna zuwa cin abincin dare kuma suna da mota, in ba daɗi su wuce gaba.

Kuma fita da rana da kake cewa ba ƙaramin aiki ba ne da tsohuwa. Daga inda kake zuwa ƙofa tafiya ce, daga ƙofa zuwa inda aka ajiye mota wata tafiyar ce, wani wurin ma sai an hau jirgin ruwa ko na dogo. Kafin a je a dawo awa uku ta tafi, a tikitin da aka saya da tsada.

Maman Hanan, ƙanwata, abin da nake yi shi ne wannan. Lokacin kama wuri akwai inda ake rubuta bukatar abinci ta musamman. Ki rubuta halal, ki kuma aika musu saƙo tun da sauran kwanaki. Wasu gidajen suna iya tanadar kaza ko nama idan an sanar da su da wuri, amma ba a ranar ba. In kun zauna kuma ki ce kina son magana da babban kuku. Suna fitowa, sun saba saboda masu cutar da wasu abinci ke tayar musu. Abin da aka dafa miki ke kaɗai sabo ne, bai kwana ƙarƙashin fitila ba.

Ki riƙa tambaya ko da kifi kika zaɓa. Miyar da ake kwarara wa kifi sau da yawa da giya aka haɗa ta. Shinkafa da romon kaza ake dafawa, koren wake da dankali a barbaɗa musu soyayyen naman alade ba tare da an rubuta ba, kayan zaƙi masu santsi kuma akwai sinadarin da ake samu daga fata da ƙashin dabba. Cinyar talotalon nan ƙatuwa da ake yawo da ita a hannu, mutanenmu suna ganin cikinta ja su ce alade ne. Talotalo ne, gishirin da aka jiƙa ta da hayaƙi ne suka mai da ita haka. Maganar yanka dai tana nan, wannan kowa da abin da malaminsa ya gaya masa.

Ɗan Fagge

Ikon Allah. Dala 300 a zama ɗaya, kuma Hajiya ta tashi da burodi da shayi! Ai wannan kuɗin rago ne da ƙahonsa. Ni dai ban taɓa zuwa ba, amma da ni ne, kilishi da dambun nama zan cika jakar Hajiya da su tun daga Kano, a shiga da su a ci a gindin bishiya. Wa zai hana?

Baban Sadik, Kissimmee

Ɗan Fagge, kwastam za su hana, tun a filin jirgi. Ba a shiga Amurka da nama daga Najeriya, busasshe ne ko soyayye, har dunƙulen ɗanɗano mai nama a ciki suna karɓewa. Wanda ya faɗa da bakinsa ƙwacewa kawai za a yi, wanda ya ɓoye kare ya shinshino shi tara zai biya. Yaji da kuka da busasshiyar kuɓewa galibi suna wucewa, amma su ma a bayyana su. Dambu sai dai a yi shi a nan da naman halal.

Shiga da abinci wurin wasa kuma ya danganta. Wuraren wasan Disney suna bari, ban da kwalba da giya, kuma ba sa son ƙanƙara a warwatse cikin kula, sai dai a daskarar da robar ruwa a saka. Wuraren wasan kamfanin Universal sun fi tsauri, ɗan abin taɓawa da ruwa da abincin jarirai ko na mara lafiya suke bari, ba cikakken abincin rana ba. A duba dokar kafin a ɗauko kula. Ruwan sanyi a kofi kyauta ne a rumfunan abinci, ki tambaya kawai.

Anti Bilki, na karɓi gyara a kan gidajen otal. Amma na tsakiyar filin ina nan a kan bakana.

Maman Hanan, Maryland

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti Bilki, maganar giya a miyar kifi ta tayar min da hankali, yanzu na tura wa maigida. Na kuma ɗauko takardar kuɗin na duba, alhamdulillahi layin ƙasan bai cika ba.

Ina ganin haɗawa za mu yi: gida mai kicin, in dafa shinkafa da wake da daddare mu shiga da ita inda aka yarda, da yajinmu a roba, sannan dare ɗaya mu gwada gidan otal ɗin bayan na aika musu saƙo. Na karanta wa Hajiya amsoshinku, ta yi dariyar ragon Ɗan Fagge, ta ce ita in za a koma a bar ta a gida da tukunya, mu je mu dawo mu tarar da tuwo.

Baban Sadik, akwai shagon kayan abincin Afirka kusa da ku da ake samun garin tuwo da manja, ko daga nan zan taho da su a mota?