Dan Allah ƴan uwa nas-nas, ya kuke tambayar dattijo ko yana shan maganin ƙarfin maza?

Ɗaliba_Ƴar_Gwale ta rubuta:

Slm ƴan uwa. Ni ɗalibar jinya ce ina ajin ƙarshe, yanzu an tura mu wani asibiti nan cikin gari, ba sai na kama suna ba. Abu ne ya faru ranar Laraba ina dutin dare kuma wlh har yanzu ya ƙi barin raina.

Wajen ɗaya da rabi na dare aka kawo wani dattijo zai yi shekara 60 da ɗoriya, ya dafe ƙirji sai gumi yake, ɗansa da amaryarsa ne suka rako shi. Ni na auna BP na samu 150/90. Aka tambaye shi wane magani yake sha ya ce na hawan jini da na suga ne kawai, ɗan ma ya zazzago su daga baƙar leda, amlodipine da metformin. Likita ya ce a sa mai GTN, maganin ciwon ƙirji mai buɗe jijiyoyin jini, ƙarƙashin harshe. Ko minti goma ba a yi ba bawan Allah ya ce duhu yake gani, jikinsa ya yi sanyi ƙalau, na sake aunawa na ga 70/40 har na ɗauka abin awon ne ya lalace na sake. Aka ɗaga ƙafafunsa aka ɗaura ruwa yana gudu, Allah ya taimaka ya dawo. Sai da asuba bayan an ce kowa ya fita sannan ya yafito wani nas namiji ya raɗa mai wai ya sha shuɗiyar ƙwayar nan ta ƙarfin maza, wato sildenafil, har guda biyu bayan isha'i.

Ni fa an koya mana a aji, na san ba a haɗa su, amma a gaban ɗansa da matarsa bakina ya yi nauyi, mutumin ya yi sa'an babana. To dan Allah ku da kuka daɗe a aiki ya kuke yi? Sannan ban da GTN me ya kamata mu riƙa lura da shi ga masu shan irin waɗannan?

Tsohuwar_Sista ta rubuta:

Wslm ƙanwata. Ki gode wa Allah da ya zo da sauƙi, kuma ki daina cin kanki, ba ke kaɗai ce a wajen ba, wanda ya rubuta maganin ma ya kamata ya tambaya. Amma kunyar nan ki ajiye ta a bakin ƙofa daga yau. Shekarata 23 ina aikin nan ban taɓa ganin namijin da ya amsa wannan tambayar a gaban ɗansa ba, ko ɗaya. Gara ya mutu. Saboda haka abu na farko ki sallami ƴan rakiya, ki aiki ɗan ya je yankan kati, ki ce wa matar ta ɗan jira a waje za a duba shi, ki ja labule, ki rage tsawo kar ki tsaya a kansa ƙiƙam. Ni ga yadda nake cewa: "Baba a yi min afuwa, tambaya ce da muke wa duk namijin da ya zo da ciwon ƙirji, don akwai maganin da za mu ba ka wanda ba ya shiri da wani. A kwana biyun nan ka sha wani abu na ƙarin kuzari wajen iyali? Ko ƙwaya, ko zuma, ko shayi, ko jiƙo?" Kalmar "duk namiji" ita ke kwance masa ɗaurin, ya san ba wani abu kika gani a jikinsa ba. In ya ce eh sai ki bi da wanne ne, guda nawa, ƙarfe nawa, ki rubuta a fayil ki faɗa wa likita da bakinki. In kin ga ya kasa kallonki nemo nas namiji, ba gazawa ba ce.

Dalilin faɗuwar jinin kuwa, GTN da ƴan uwansa isosorbide suna sa jiki ya samar da sinadarin da ke sassauta jijiyoyin jini su buɗe, shi kuma sildenafil aikinsa hana jiki rushe wannan sinadarin. Wannan na zubawa wancan ya toshe mafita, sai jijiyoyi su saki gaba ɗaya, jini ya kasa kaiwa ƙwaƙwalwa da ita kanta zuciyar da ake son ceto. Ai tun asali ma kamfanin Pfizer, wanda mu Kanawa muka san sunansa tun batun gwajin maganin Trovan na 1996, don ciwon ƙirji ya fara gwada sildenafil, daga baya aka ga wancan amfanin, a 1998 Amurka ta amince da shi da sunan Viagra. Kin ga maganin jijiya ne tun fil azal.

Ki haddace wannan: in sildenafil ne sai an yi awa 24 kafin a ba da nitrate (GTN da ƴan uwansa), in tadalafil ne wato Cialis sai awa 48, don shi yana kaiwa awa 36 yana aiki. Shi ya sa nake cewa "kwana biyun nan" ba "daren yau" ba.

Nas_Ɓangaren_Mafitsara ya rubuta:

Sista ta gama magana, Allah ya ƙara girma. Ni bari in ƙara da abin da muke gani a namu ɓangaren, wato gaba ya tashi ya ƙi kwanciya. Duk wanda za ki sallama yana shan irin wannan ki gaya mai ƙarara, in ya kai awa 4 ya taho emajensi ko ƙarfe nawa ne, kar ya tsaya jiran gari ya waye ko neman tofi. Jinin da ya taru ya tsaya ne cak ba iska a cikinsa, naman wajen yana mutuwa a hankali, wanda ya yi kwana ɗaya ko biyu a gida yana jin kunya galibi ko an zuƙe jinin ƙarfin ba ya dawowa kamar da. Na taɓa karɓar wani ango ɗan shekara 26, kwana huɗu da ɗaurin aure, ya shigo da babbar riga cikin zafin nan na Afrilu yana tafiya a sunkuye, abokai ne suka ba shi ƙwayar wai gudummawa. Ashe mai sikila ne. Masu sikila ko ba su sha komai ba abin yana samunsu balle an ƙara da ƙwaya, kuma kun san yawan masu sikila a garin nan, to ku tambayi jinotayif.

Sannan dattawan da ke shan maganin furostet (ƙullin da ke ƙasan mafitsarar namiji) irin doxazosin ko tamsulosin, su ma haɗin yana saukar da jini, ba kamar na GTN ba dai amma ya isa mutum ya miƙe zai yi alwala jiri ya kwashe shi ya fasa kai a banɗaki. A auna musu BP a kwance da a tsaye, a ce su riƙa zama bakin gado kaɗan kafin su tashi. Masu shan maganin HIV mai ritonavir kuma shi yana sa sildenafil ya taru a jini sosai, dole likita ya rage.

Ƙa'idar sildenafil 25 ko 50 ko 100mg ne, sau ɗaya tak a rana, kamar awa ɗaya kafin buƙata, kuma in an ci abinci mai maiƙo yana jinkirin kamawa. Nan ake samun matsala, mutum ya narki tsire da masa ya sha ɗaya ya ji shiru sai ya ƙara ta biyu. Ciwon kai, toshewar hanci, fuska ta yi zafi, ƙwannafi, wani ya ce yana ganin komai shuɗi-shuɗi, duk an san da su. Amma ido ɗaya ya ɗauke farat ɗaya ko kunne ya toshe, a daina sha a taho asibiti a ranar.

Abin da ya fi damuna shi ne duk wanda ya zo sai ya ce basir ne ko sanyi ko ɗankanoma, ya shekara uku yana shan jiƙo, kana auna suga ka ga ya haura 300. Jijiyoyin wajen ƙanana ne, su ke fara nuna alama kafin na zuciya, raunin gaba sau da yawa shi ne sallamar farko ta suga da hawan jini da ciwon zuciya. Ku tura su ganin likita, ga Asibitin Malam Aminu Kano ga na Abubakar Imam na mafitsara, ba sai an je ko'ina ba.

Mai_Ɗaga_Ƙarfe ya rubuta:

Ku yi haƙuri ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, ƙanwata ce ta turo min wannan. Ina zuwa jim shekara uku kenan, wata 8 da suka wuce wani a wajen ya haɗa ni da allurar ƙara ƙwanji Sustanon 250 da Deca, duk sati ana min a kemis, da wata ƙwaya Dianabol. Ƙwanji kam ya fito ba ƙarya amma yanzu kan nonona ya kumbura yana zafi, ƙuraje sun cika min baya, abu kaɗan na hau faɗa har uwargida ta ce na canza, kuma shekararmu ɗaya da rabi da aure shiru ba ciki. Ni na ɗauka tunda sinadarin maza ne ai ƙara haihuwa zai yi. Yana da alaƙa?

Tsohuwar_Sista ta rubuta:

Ɗana yana da alaƙa ƙwarai, kuma na ji daɗi da ka fito ka faɗa. In ka zuba testosterone, wato sinadarin mazan da ke cikin Sustanon, daga waje ƙwaƙwalwa sai ta ga ai ya wadata ta daina aika saƙo ga ƴaƴan maraina, su daina nasu aikin, su ƙanƙance, ƙwayoyin haihuwa su ragu wani ma su ɗauke ƙaf alhali sha'awa na nan. Kafin a fara yawo da baiwar Allah gidan masu magani ana cewa ita ce ba ta haihuwa, kai ka fara zuwa gwajin maniyyi. Yawanci yana dawowa bayan an daina amma sai an yi watanni, wani har ya haura shekara. Nonon kuma rarar sinadarin ce jiki ke juyawa zuwa na mata, in ya daɗe ya yi tauri sai tiyata.

Sustanon ɗin nan wanda aka tabbatar yana da ƙarancin testosterone ma kusan duk sati uku ake masa ɗaya, kai kana yi duk sati har da ƙarin biyu a kai. Kuma ba a tabbatar da ƙarancin da baki, sai an ɗebi jini da safe har sau biyu. Ka je asibiti da kwalayen a hannunka a duba BP, PCV (awon yawan jajayen ƙwayoyin jini), aikin hanta da kitsen jini. PCV saboda allurar tana sa jini ya yi kauri, in ya wuce 54 ko wanda likita ya rubuta wa dakatarwa ake, don gudun daskarewar jini da shanyewar ɓarin jiki. Dianabol kuma hanta yake ci, in ka ga idonka ya yi ɗorawa ko fitsari ya koma kamar shayi ba madara kar ka kwana a gida. Ka kuma sani in ka daina za ka iya jin kasala da baƙin ciki da mutuwar sha'awa na wani lokaci, wannan ne ke mayar da samari ruwa, shi ya sa nake son likita ya bi ka. In kun taɓa yin karo-karon sirinji ko kwalba ɗaya a jim a haɗa da gwajin ciwon hanta B da C da HIV.

Ƴar Gwale ke ma ga naki a nan. Majinyacin da ke kan testosterone ki riƙa auna nauyinsa kina danna ƙafa don jiki na riƙe ruwa da gishiri, mai ciwon zuciya ko ƙoda zai iya kumbura. Mai suga sugansa na iya sauka, mai shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, jininsa na iya tsinkewa fiye da ƙima. Dattijo a duba PSA, gwajin jini na furostet, kafin a fara, mai kansar furostet ba a ba shi. Testosterone na shafawa kuma a wanke hannu a rufe wajen da riga kar ya gogi yaro ko mace, balle mai ciki. Yaron da bai gama girma ba allurar na rufe mai ƙashi tsawonsa ya tsaya nan.

Ɗan_Famasi_Zoo_Road ya rubuta:

Sista ta ambaci zuma da shayi, a riƙe wannan da kyau. A 2022 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta gargaɗi kamfanonin da aka samu sildenafil da tadalafil a cikin zumarsu ba su rubuta a jiki ba. Mai sha zai rantse miki bai sha ƙwaya ba kuma gsky ya faɗa a saninsa. In ya ce ya sha ya ji ciwon kai da toshewar hanci ki ɗauka akwai a ciki har sai an tabbatar babu, ki nemi a kawo kwalbar ko ledar a duba ko da lambar NAFDAC.

Kar kuma a rikita da sha-ka-fashe da ƴanmata ke sha don ƙiba, wannan galibi dexamethasone ne, wani dangin ne daban, shi in an daɗe ana sha ba a yanke shi lokaci ɗaya.

Ɗaliba_Ƴar_Gwale ta rubuta:

Na gode Sista, na gode yayyena, Allah ya saka. Jiya na gwada a kan wani Alhaji da ya zo da bugun zuciya, na aiki ƙaninsa ya siyo ruwa na faɗi maganar Sista kalma da kalma muryata na rawa. Ya yi shiru ya kalli silin can ya ce "ƴata akwai wata zuma da ake kawo min", ya ce shekaranjiya ya sha cokali biyu. Na rubuta na gaya wa likita, an ce ƙanin ya je gida ya ɗauko kwalbar. Yaya Mai Ƙarfe dan Allah ka dawo ka faɗa mana abin da gwajin ya nuna.