Kula da tankin bayan gida a jirgin ruwa na shaƙatawa

A wata tattaunawa tsakanin masu jiragen shaƙatawa a bakin Tafkin Jabi da ke Abuja, an yi ittifaƙi cewa kada a jira tankin ya cika. Da ya kai kashi 3 cikin 4, a kira motar kwasar masai, domin juye ƙazanta cikin tafkin cutar da jama'a ne. Bututun iska, wanda ta cikinsa iska ke shiga tankin tana fita, shi aka fi daɗewa a kansa, kuma ya cancanci hakan: idan ya toshe wari yana ƙaruwa, sannan ƙarfin injin da ke tsotse ƙazantar lokacin kwashewa na iya lotsa tankin. Bayan kwashewa a ɗauraye shi da ruwa mai tsabta. An kuma gargaɗi mutane game da sinadarin bilic, saboda yana cinye robobin famfon bayan gidan kuma yana kashe ƙwayoyin bakteriya da ke narkar da ƙazantar.